Taura biyu a baki ɗaya: yadda nakasassun 'yan wasan Ostireliya ke sauya fage

Ranar 29 ga Agustan 2021, a gaɓar ruwan Odaiba da ke Tokyo, Lauren Parker ta Ostireliya ta shigo zangon ƙarshe na tsere a kan kekenta mai ƙafa uku, babu kowa a gabanta. Ta riga ta yi iyo na mita 750, ta murza keken hannu tsawon kilomita 20, ga shi tana dab da cika kilomita 5 na ƙarshe. Sai ga Kendall Gretsch ta Amurka ta taso daga baya, kai a sunkuye, hannuwa na dukan ƙafafun keke babu ƙaƙƙautawa. Saura 'yan mitoci a kai layi ta wuce ta. Daƙiƙa ɗaya ce ta raba zinare da azurfa, bayan an shafe fiye da awa guda ana gumurzu.

Shekara uku bayan haka, a Paris, Parker ta rama. Ranar 2 ga Satumban 2024 ta lashe zinaren wannan gasa ta uku-a-ɗaya, Gretsch ta zo ta biyu. Da a nan ta tsaya ma labari ya yi daɗi. Amma bayan kwana biyu sai aka gan ta a unguwar Clichy-sous-Bois cikin tawagar masu tseren keke, wadda wasa ne daban mai hukumarsa da dokokinsa da kociyoyinsa. Ta ɗauki azurfa a tseren agogo, inda kowa ke tashi shi kaɗai ana auna lokacinsa, kashegari ta ɗauki zinare a tseren kan titi. Lambobi uku a kwana huɗu, a wasanni biyu. Wannan ita ce matar da a watan Afrilun 2017 tayoyin kekenta biyu suka fashe tana atisaye, ta daki ƙarfen gefen titi, lakarta ta tsinke, kuma har yau take fama da raɗaɗin jijiyoyi da ba ya barin ta dare da rana.

Hausawa na cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma a gasar Olamfik ta masu lafiyar jiki maganar kusan haka take. Da wuya ka ga wanda ya ci lamba a ƙwallon kwando ya dawo ya ci a tanis. A gasar nakasassu kuwa, wadda ake kira Paralamfik, Ostireliya na da jerin irin waɗannan mutane da ba a ƙirga su da yatsun hannu. Wasu na kallon abin su ce jarumtaka ce tsantsa, wasu su ce ai gasar ce ba ta da wuya. A ganina duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. Abin da ya fi tura ɗan wasa nakasasshe daga wannan fage zuwa wancan shi ne wace ƙofa ce a buɗe ga irin jikinsa a wannan shekarar, kuma ƙofofin nan ba shi ke riƙe da makullinsu ba.

Tun asali ma haka wasan ya taso. A asibiti aka haife shi. A 1948 likita Ludwig Guttmann ya shirya gasar harbin kibiya ga majinyata 16 masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville da ke Ingila, kuma a wurinsa wasa magani ne: majinyaci ya yi iyo yau, gobe ya yi jifa, jibi ya buga ƙwallon tebur, domin kowanne na ƙarfafa wani sashe na jiki. Likita George Bedbrook ya kai wannan tsari birnin Perth, inda aka yi gasar guragu ta ƙasashen renon Ingila ta farko a 1962. Saboda haka da aka buɗe Paralamfik ta farko a Rum a 1960, da 'yan wasa kimanin 400 daga ƙasashe 23, ba abin mamaki ba ne mutum ɗaya ya shiga wasa uku ko huɗu. Ga kuma nisa. Tawagar da ta taso daga can ƙarshen duniya da kuɗin da aka tara da ƙyar ba za ta ɗauki mutum don tsere ɗaya tak ba.

Daphne Ceeney, wadda doki ya kayar da ita tana 'yar shekara 17, ita kaɗai ce mace a tawagar Ostireliya a Rum. Ta dawo gida da lambobi 6 a iyo da harbin kibiya da wasannin jifa. Zuwa 1968 ta tara lambobi 14 a wasanni biyar, har da ƙwallon tebur da wasan takobi. Libby Kosmala ta zo a bayanta, ta fara a 1972 da lambar tagulla a iyo, ta taɓa harbin kibiya da guje-guje, daga baya ta zauna a harbin bindiga, inda ta ci zinare 9. Sau 12 ta halarci Paralamfik, na ƙarshe a Rio a 2016 tana da shekara 74.

Wannan zamani ya wuce. Yau wasan ya zama sana'a, da sansanin horo da likitocin abinci da injiniyoyin keke. Ya kamata a ce sauya fage ya mutu tare da zamanin asibiti. Bai mutu ba, dalilansa ne suka canza.

Babban dalili shi ne tantancewa. Kafin nakasasshe ya shiga gasa, sai kwamitin ƙwararru ya duba shi, ya tabbatar lalurarsa na cikin nau'i 10 da aka amince da su, ya tabbatar ta kai mizanin da wannan wasan ya gindaya, sannan ya sa shi a aji tare da masu irin ƙarfinsa. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne kowane wasa da nasa ma'aunin. Mutum ɗaya, jiki ɗaya, zai iya cancanta a iyo amma a ce masa bai cancanta a ƙwallon kwando ba. Zai iya faɗawa ajin da ke cike da zaratai a wani wasa, a wani kuma ya faɗa ajin da jikinsa ya fi dacewa da shi. Kuma ko da ya samu aji, ba lallai ne a sa tseren ajin nasa a jadawalin Paralamfik ba, domin lambobin zinare ƙayyadaddu ne. A Paris 549 ne, aka raba wa wasanni 22.

Babu wanda rayuwarsa ta fi nuna wannan kamar Jessica Gallagher, 'yar garin Geelong. Tana budurwa 'yar wasan netball da ƙwallon kwando ce, har wata cutar ido da ba kasafai ake samun ta ba ta fara cin ganinta. Ta koma dogon tsalle da jifa, aka zaɓe ta zuwa Beijin a 2008. Ta isa Sin, ta karɓi kayan tawaga, ana shirin buɗe gasa aka yi mata gwajin ido. Sakamako ya nuna ido ɗaya ya fi mizanin gani da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Aka ce ba za ta shiga ba. A duba halin da ta samu kanta: ganinta bai isa ta ci gaba da wasan masu gani ba, kuma wai ya yi yawa a wasan masu raunin gani. Ta tsaya tsakiya, ba ta ga tsuntsu ba ta ga tarko.

Ganin nata ya ci gaba da raguwa, aka sake gwada ta, ta cancanta. A tsakanin nan an nuna mata zamiyar ƙanƙara daga kan dutse, wasan da mai raunin gani ke bin bayan ɗan jagora, su biyun sanye da na'urar magana a cikin hular kwano, jagora na faɗa mata kwana da gangara tana amsawa. Ranar 14 ga Maris 2010, ranar da ta cika shekara 24, ta ci tagulla a Vancouver tare da jagoranta Eric Bickerton, ta zama mace ta farko daga Ostireliya da ta ci lamba a Paralamfik ta hunturu. A 2012 ta je Landan ta yi dogon tsalle da jifan mashi, ba ta samu lamba ba. A 2014 ta koma ƙanƙara a Sochi ta ƙara tagulla. A 2016 sai ga ta a Rio a kan keke mai mazauni biyu, Madison Janssen a gaba riƙe da kan keke, ita a baya tana ba da wuta, suka ci tagulla a tseren kilomita ɗaya. Da wannan ta zama mutum na farko daga ƙasarta da ya ci lamba a gasar bazara da ta hunturu. Daga baya ma ta shiga tuƙin kwale-kwale har matakin gasar duniya.

In aka lura, wasanni huɗun nan na Gallagher ba su yi nisa da juna kamar yadda ido ke gani ba. Dogon tsalle, gangaren ƙanƙara, tseren keke na gajeren zango da tuƙin kwale-kwale duk cinya da ƙugu ke yin aikin. Injin ɗaya ne, gangar motar ce ake sauyawa. Abin da ke sauyawa da gaske shi ne amana: a kowane sabon fage sai ta miƙa lafiyarta ga sabon mutum, wanda zai gaya mata inda za ta karkata alhali tana gudun da kuskure ɗaya zai iya karya ƙashi. Ni a wurina wannan ya fi horon jiki wuya, kuma shi ne ɓangaren da ba a cika yaba mata a kai ba.

Dalili na biyu shi ne jadawalin da ke motsi. A farkon 2015 kwamitin Paralamfik na duniya ya sanar da cewa daga Tokyo babu tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, babu kuma ƙwallon ƙafa ta mutum bakwai-bakwai ta masu lalurar ƙwaƙwalwa da ke shafar motsin gaɓoɓi. Hujjarsa ita ce wasannin ba su yaɗu a ƙasashe da yawa ba. Aka shigo da badminton da tekwando. Hukuncin ya faɗa wa Ostireliya a ka, domin a Rio zinare biyu ta ci a tseren jirage. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci shi ita ce Liesl Tesch, wadda ita ma 'yar sauya fage ce. Ta karye a baya a hatsarin keke tana da shekara 19, ta buga ƙwallon kwando ta keken guragu a Paralamfik biyar daga 1992 zuwa 2008, ta ci azurfa biyu da tagulla ɗaya, har ta buga wa ƙungiyoyin maza a Turai. Zinare dai ya ƙi zuwa. Sai Daniel Fitzgibbon, matuƙin jirgi mai shanyewar hannu da ƙafa, ya gayyace ta ta zama abokiyar tuƙinsa. Suka ci zinare a 2012, a makon da mahaifiyarta ta rasu, suka maimaita a 2016. Daga nan wasan ya fita daga jadawali. A 2017 Tesch, wadda malamar makaranta ce, ta tsaya takara ta zama 'yar majalisar jihar New South Wales mai wakiltar Gosford.

James Turner shi sau biyu ƙasa ta zame masa. Ɗan ƙwallon ƙafa ne a ƙungiyar ƙasa ta masu lalurar ƙwaƙwalwa, ƙungiyar ba ta samu gurbin zuwa Rio ba, kuma an riga an san wasan zai bar jadawali. Ya koma gudu, ya ci zinaren mita 800 a Rio da sabon tarihin duniya. Sai aka cire mita 800 na ajinsa daga Tokyo. In kiɗa ya canza dole rawa ta canza: ya sake gina jikinsa ya zama mai gajeren zango, ya ci zinaren mita 400 a Tokyo, a Paris kuma ya haɗa na 100 da na 400. Shi da Lauren Parker ne suka riƙe tutar ƙasar a bikin rufe gasar. Ita kanta Gretsch da ta kayar da Parker a Tokyo, labarinta ke nan. Ba a sa ajinta a gasar uku-a-ɗaya ta Rio ba, sai ta tafi tseren ƙanƙara, ta ci zinare biyu a Koriya ta Kudu a 2018, kafin ta dawo wasanta na asali. Wato a ranar nan ta Odaiba, mata biyun da daƙiƙa ɗaya ta raba duk masu tauna taura biyu ne.

Akwai kuma shekaru da gajiyar jiki. Mai keken guragu da kafaɗunsa yake tafiya, da su yake hawa gado, da su yake shiga mota, sannan da su yake wasa. In suka lalace, abin ya wuce batun lamba, ya taɓa rayuwar yau da kullum. Shi ya sa wasu ke sauka daga wasa mai cin jiki zuwa wanda zai bar su su daɗe. Danni Di Toro ta shafe kusan shekara ashirin a tanis, ta ci azurfa a Sidni da tagulla a Atina, sannan ta koma ƙwallon tebur ta ci gaba da wakiltar ƙasarta daga 2016. Wasu kuma akasin haka suka yi. Greg Smith ya ci zinare uku a tseren keken guragu a Sidni a 2000, ya ajiye, sai ya faɗa zari-ruga ta keken guragu, wasan da ƙarfe ke karo da ƙarfe, ya ci azurfa a 2008 da zinare a 2012. Carol Cooke, tsohuwar 'yar sanda daga Kanada da ta koma Ostireliya da zama, cutar jijiyoyi ta kama ta tana babba. Ta gwada tuƙin kwale-kwale, gurbin Beijin ya kuɓuce wa tawagarsu da ƙasa da daƙiƙa ɗaya, ta hau keke mai ƙafa uku ta ci zinare a Landan tana da shekara 51, ta ƙara biyu a Rio. Marigayi Kieran Modra, mai raunin gani, ya fara da guje-guje da jifa a 1988, ya ci tagulla biyu a iyo a 1992, sannan ya zauna a keke ya tara zinare biyar. Mota ce ta buge shi yana kan keke a 2019.

To me ya sa Ostireliya musamman? Amurka da Birtaniya da Holan su ma suna da irin waɗannan 'yan wasa, amma a Ostireliya abin ya yi yawa idan aka duba yawan jama'arta, waɗanda ba su kai miliyan 30 ba. Ƙarancin mutanen shi kansa dalili ne. Ƙasar da ke son ta yi gogayya da Sin a teburin lambobi, alhali tafkin da take kamun kifi a ciki ƙarami ne, ba za ta yarda ta yi asarar wanda ya riga ya san horo da tashin asuba da zaman sansani ba. In wasansa ya rufe, sai a nema masa wani. Tun 1981 ƙasar ke da cibiyar horar da 'yan wasa ta ƙasa a Canberra, jihohi ma na da nasu, kuma hukumar Paralamfik ta ƙasar kan shirya ranakun gwaji inda ake auna ƙarfi da numfashi da tsawon hannu, a ce wa mutum ga wasan da jikinsa zai fi tasiri a ciki. Tallafin gwamnati kuma yana bin inda ake hangen lamba. Ɗan wasan da ke na takwas a duniya a wannan fage, in kociyoyi suka ga zai iya zama na uku a wancan, to kuɗin horo da na tafiya na can.

Matsin ya ƙaru ne saboda ƙasar na ganin tana ja da baya. A Sidni a 2000 ita ce ta ɗaya da zinare 63. A Landan 32, a Rio 22, a Tokyo 21, a Paris 18, ta sauko ta tara. Ga shi Brisbane za ta karɓi baƙuncin gasar a 2032. A Tokyo ne ma aka yi ta surutu da aka gano masu cin lamba a Olamfik na samun tukuici, nakasassu kuwa ko sisi, har firaministan lokacin, Scott Morrison, ya sanar a majalisa cewa za a daidaita: dalar Ostireliya 20,000 ga zinare, 15,000 ga azurfa, 10,000 ga tagulla. Mutum ɗaya da zai kawo lamba uku a wasa biyu, kamar Parker, a irin wannan lissafi daraja gare shi ba kaɗan ba.

Yanzu ga maganar masu cewa gasar ce ba ta da zurfi. Bai kamata a kore ta da fushi ba, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A wasu azuzuwan, musamman na mata da na masu lalura mai tsanani da wasannin hunturu, waɗanda ke fafatawa a matakin duniya ba su da yawa. Simon Patmore ya ci tagulla a gudun mita 200 a Landan a 2012, ya koma zamiyar ƙanƙara a kan allo, cikin 'yan shekaru ya ci zinare a 2018. A wasan da dubban yara ke tasowa a cikinsa tun suna ƙanana, da wuya a yi wannan hawa cikin wannan lokaci. Sai dai tambayar da ta kamata ita ce me ya sa fagen ya zama fayau. Keken hannu na tsere, keke mai mazauni biyu, kujerar zamiyar ƙanƙara, jirgin ruwa, duk kaya ne masu tsadar gaske, kuma mai raunin gani sai an biya kuɗin tafiyar mutum biyu. Hatta 'yan Ostireliya, da yake ƙanƙararsu ta 'yan watanni ce a duwatsun kudu maso gabas, sai sun tafi Turai ko Amurka su yi hunturu na biyu. Mafi yawan nakasassun duniya na zaune a ƙasashen da keken guragu na zuwa kasuwa ma sai an sha wuya. Ba a kayar da su a waɗannan wasanni ba, ba su samu zuwa layin farawa ba ne.

Nijeriya misali ce a kusa. A Paris ta ci lambobi 7, huɗu daga ciki a ɗaga nauyi, har da zinare biyu na Onyinyechi Mark da Folashade Oluwafemiayo. Ɗaga nauyi benci da ƙarfe yake buƙata. Matan da ke iya ture irin wannan nauyi daga ƙirji, wa ya san abin da za su yi a kan keken hannu ko a cikin kwale-kwale da an taɓa ɗora su a kai? Kuma ga wani abin lura: badminton ɗin da aka shigo da shi lokacin da aka fitar da wasan Liesl Tesch, a cikinsa ne Mariam Eniola Bolaji ta ci tagulla a Paris, lambar farko da wani ɗan Afirka ya taɓa ci a wannan wasa a Olamfik ko Paralamfik. Ƙofar da aka rufe wa wata ita ce aka buɗe wa wata. Shi ya sa, duk da ina tausaya wa matuƙan jirage, ba zan iya cewa kwamitin ya yi kuskure ba.

Akwai wani gefe mai duhu da ba za a tsallake ba. Tunda aji ne ke yanke wa mutum rabonsa, akwai jarabar a ƙara wa lalura gishiri a gaban masu tantancewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A Sidni ɗin nan ne a 2000 ƙungiyar ƙwallon kwando ta Sifaniya ta ci zinare a rukunin masu raunin fahimta, daga baya aka gano 10 daga cikin 'yan wasa 12 lafiyarsu ƙalau. Hukuncin ya faɗa kan marasa laifi, domin an rufe wa duk masu wannan lalura ƙofa har sai 2012. A 2023 gidan talabijin na ABC na Ostireliya ya watsa wani bincike inda 'yan wasa da tsofaffin jami'ai suka koka cewa ana wasa da tsarin. Illar wannan ga masu sauya fage a bayyane take: duk wanda ya bar wani wasa ya bayyana a wani da sabon aji, sai a fara kallonsa da wutsiyar ido, ko da kuwa lalurarsa ce ta ƙaru, kamar yadda ta faru da idon Gallagher. Cutar da ke ci gaba ba ta tsayawa don an rubuta lamba a takarda. Maganin zargi shi ne tantancewa mai ƙarfi da masu zaman kansu ke yi, wadda ake maimaitawa, kuma wannan ma kuɗi ne da ba kowace ƙasa ke da shi ba.

Shi kansa ɗan wasan yana biyan farashi. Wanda ya saba a kira sunansa a kan dandamali zai koma ɗan koyo, yara su riƙa wuce shi. Parker ta shiga Paris da jadawali biyu, kociyoyi biyu, kekuna iri-iri, sannan aka ɗage gasar uku-a-ɗaya da kwana ɗaya saboda gurɓatar ruwan kogin Seine, hutun da ke tsakanin tserenta ya ƙara tsukewa. Kuma duk gurbin da gogaggen ɗan wasa ya shigo ya karɓa, akwai wani matashi da ya shekara biyar a wannan wasan yana jiran sa. Tsarin da ya ƙware wajen juya mutum goma daga fage zuwa fage zai iya mantawa da neman mutum ɗari sababbi a makarantu da cibiyoyin gashin ƙashi. Wannan shi ne abin da na fi jiye wa Ostireliya kafin 2032.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauka kowa tura shi aka yi. Dylan Alcott da kansa ya zaɓa. An haife shi da ƙari naɗe da lakarsa, ya ci zinaren ƙwallon kwando a Beijin yana ɗan shekara 17, ya ƙara azurfa a Landan. Ƙungiyarsa na cikin manyan duniya, babu wanda ya kore shi. A 2014 ya koma tanis, wasan da ya fara da shi yana yaro, a ajin waɗanda lalurar ta taɓa har hannu. Ya ci zinare biyu a Rio. A 2021 ya lashe manyan gasannin tanis huɗu na shekara, ya haɗa da zinaren Tokyo. Tanis ya ba shi abin da ƙwallon kwando ba ta iya ba shi ba: babban fili a Melbourne, kyamarar talabijin kai tsaye, da makirufo a hannunsa shi kaɗai. Da wannan murya ya yi ta magana a kan aikin yi ga nakasassu, har aka naɗa shi gwarzon ɗan ƙasa na shekarar 2022. A makon da aka ba shi wannan karramawa ya buga wasansa na ƙarshe, Sam Schröder na Holan, matashin da Alcott ya girme wa da kusan shekara tara, ya doke shi.

Ita kuwa Jessica Gallagher ba ta je Tokyo ba. Ta dawo kan keke da sabuwar matuƙiya, Caitlin Ward, suka ci zinare biyu a gasar ƙasashen renon Ingila a Birmingham a 2022. A Paris, tana da shekara 38, shekara 16 bayan ranar da aka ce mata idonta ya yi gani da yawa, suka hau keken nan mai mazauni biyu a tseren kilomita ɗaya, zagaye huɗu na filin katako, Ward a gaba, ita a baya. Suka sauko da azurfa, wadda ita ce lamba mafi girma da ta taɓa ci a Paralamfik.